Tattali ko killacewa: Rigimar da ta raba masu kare dazukan Amurka gida biyu

A ranar 19 ga Disamba, 1913, Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya rattaba hannu a kan wata doka da ta bai wa birnin San Faransisko izinin datse kogin Tuolumne, ya mayar da kwarin Hetch Hetchy tafkin ruwan sha. Kwarin yana cikin Yosemite, gandun shaƙatawa na ƙasa da Majalisar Dokokin Amurka ta keɓe tun 1890. Sa hannun ya kawo ƙarshen taƙaddamar shekara 12 da aka yi ta bugawa a ofisoshin gwamnati da zauren majalisa da shafukan jaridu.

Abin da ya sa har yau ake waiwayar wannan rigima shi ne irin mutanen da suka yi ta. A kowane ɓangare akwai wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen ceto dazukan ƙasar daga masu wawaso. John Muir, marubuci kuma shugaban ƙungiyar Sierra Club, yana ganin akwai wuraren da ya wajaba a killace su, a bar su yadda Allah Ya halicce su. Gifford Pinchot, shugaban farko na Hukumar Gandun Daji ta Amurka, yana ganin daji dukiya ce da za a yi tattalinta, a ci moriyarta da lissafi don kada ta ƙare. Dukansu sun yarda cewa ƙasar ta jama'a ce. Inda suka raba gari shi ne ma'anar amfanin jama'a, da kuma wanda ke da hurumin auna shi.

Zamanin wawaso

A mafi yawan ƙarni na 19, manufar gwamnatin tarayyar Amurka game da filayenta ita ce ta rabar da su. Dokar 1862 ta bai wa duk wanda ya zauna a fili ya noma shi shekara biyar damar mallakar eka 160. Kamfanonin jirgin ƙasa sun samu kyautar fiye da eka miliyan 100. Wata doka ta 1878 ta ba da damar sayen dajin katako a kan dala biyu da rabi kowace eka, kamfanoni kuwa suka riƙa turo 'yan amshin shata su saya da sunayensu, sannan su miƙa musu takardun.

Ba a daɗe ba aka fara ganin sakamako. An share manyan dazukan jihohin Michigan da Wisconsin, aka bar kututture da busassun rassa. A 1871 gobarar daji ta cinye garin Peshtigo da kewayensa, ta kashe fiye da mutum 1,000. Ɓaunar Amurka, wadda a da ake ƙiyasta ta da miliyoyi, ta koma 'yan ɗaruruwa a daji kafin 1890.

Gargaɗin farko mai ƙarfi ya zo a 1864 daga George Perkins Marsh, jakadan Amurka a Italiya, wanda ya nuna a littafinsa yadda sare dazuka ya zaizaye ƙasa ya kuma ƙafar da maɓuɓɓugai a yankin tekun Bahar Rum. A wannan shekarar Shugaba Abraham Lincoln ya miƙa kwarin Yosemite ga jihar Kalifoniya bisa sharaɗin a adana shi don jama'a. A 1872 aka keɓe Yellowstone, gandun shaƙatawa na ƙasa na farko. Sai kuma 1891, lokacin da aka cusa wani gajeren sashe a cikin wata dokar filaye, wanda ya bai wa shugaban ƙasa ikon keɓe dazuka. Shugaba Benjamin Harrison ya keɓe kimanin eka miliyan 13 da wannan iko. Amma sashen bai faɗi abin da za a yi da dazukan ba, bai kuma faɗi yadda za a gudanar da su ba. A wannan giɓi ne ra'ayoyin biyu suka yi karo.

Mutum biyu, tarbiyya biyu

An haifi Muir a Sikotland a 1838, iyayensa suka yi ƙaura zuwa Wisconsin yana ɗan shekara 11. Ya tashi a gona, ƙarƙashin uba mai tsananin addini wanda ya sa shi haddace sassa masu yawa na Littafi Mai Tsarki. A 1867 wani ƙarfe ya soke shi a ido a masana'antar da yake aiki, ya yi makonni a ɗaki mai duhu. Da ganinsa ya dawo sai ya bar aikin, ya taka da ƙafa kimanin mil 1,000 zuwa gaɓar tekun da ke kudancin ƙasar. Ya isa Kalifoniya a 1868, shekara mai zuwa kuma ya bi garken tumaki zuwa tsaunukan Sierra Nevada. A can ya ga yadda dubban tumaki ke mayar da korayen fadamu ƙura, har ya riƙa kamanta su da farin dango.

Muir ba baƙon kasuwa ba ne. Ya taɓa kula da injin tsaga katako a Yosemite, daga baya kuma ya yi arziki da gonar 'ya'yan itatuwa. Sai dai a wurinsa daji wurin ibada ne da warkar da zuciya, kuma kowace halitta tana da darajar kanta ko da ba ta amfani ɗan Adam da komai ba. Rubuce-rubucensa a mujallar Century sun taimaka wajen keɓe Yosemite a 1890, a 1892 kuma ya zama shugaban farko na Sierra Club.

Pinchot, wanda aka haifa a 1865, ɗan masu kuɗi ne. Bayan ya gama Jami'ar Yale a 1889 ya tafi Turai, domin a lokacin babu makarantar koyon aikin gandun daji a Amurka. Ya yi karatu a birnin Nancy na Faransa, ya kuma samu jagorancin Dietrich Brandis, Bajamushen da ya shugabanci aikin gandun daji a Indiya ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Darasin da ya koyo mai sauƙin faɗa ne: itace amfanin gona ne mai daɗewa kafin ya nuna. Idan aka ƙidaya abin da daji ke ƙarawa a shekara, aka sare abin da bai wuce hakan ba, za a ci gaba da girbi har jikoki. Ya gwada wannan tsari a gandun attajiri George Vanderbilt a jihar North Carolina daga 1892.

A 1896 mutanen biyu suka zagaya yammacin ƙasar tare da kwamitin da aka kafa don ba da shawara kan dazukan da aka keɓe. Jininsu ya haɗu. Pinchot ya ba da labarin yadda suka kwana a bakin ƙaton kwazazzabon Grand Canyon, da yadda Muir ya hana shi kashe wani babban gizo-gizo, yana mai cewa shi ma yana da haƙƙin zama a wurin. Amma a cikin kwamitin ɓaraka ta riga ta kunno kai. Shugabansa, Charles Sargent na Jami'ar Harvard, yana son a tura soja su tsare dazukan, Muir kuma ya karkata gare shi. Pinchot yana son a kafa rundunar ƙwararrun ma'aikatan farar hula da za su buɗe dazukan a yi amfani da su bisa ƙa'ida.

A ranar 22 ga Fabrairu, 1897, kwana goma kafin ya sauka, Shugaba Grover Cleveland ya keɓe ƙarin eka miliyan 21. Makiyaya da masu haƙar ma'adinai da 'yan majalisar jihohin yamma suka yi ca, suna cewa an rufe musu hanyar abinci. A watan Yuni majalisa ta yi dokar sasantawa, wadda ta ce an keɓe dazukan ne don a kare su, a tsare magudanan ruwa, a kuma tabbatar da samun katako ba yankewa. Ra'ayin tattali ya shiga doka ke nan. Batun kiwon tumaki kuwa ya ƙara nisanta abokan biyu, domin Pinchot ya amince a yi kiwo da izini a inda ƙasa za ta iya ɗauka, abin da Muir bai taɓa yafe wa ba.

Yadda Pinchot ya gina hukuma

Lokacin da aka naɗa Pinchot shugaban sashen gandun daji a Ma'aikatar Aikin Gona a 1898, ya tarar da wani tsari mai ban mamaki. Masana daji suna Ma'aikatar Gona ba su da daji, dazukan kuwa suna Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda a Amurka ita ke riƙe da filayen tarayya, kuma ba ta da masana. Shekara bakwai ya yi yana zawarcin 'yan majalisa da kamfanonin katako da ƙungiyoyin makiyaya. Hawan Theodore Roosevelt mulki a 1901 ya ba shi uban gida mai jin maganarsa, kuma a 1905 aka mayar da dazukan Ma'aikatar Gona, aka kafa Hukumar Gandun Daji.

Wasiƙar kama aiki da Sakataren Aikin Gona, wato ministan, ya sa wa hannu, Pinchot ne ya tsara ta. Ta umarci ma'aikata cewa duk inda buƙatu suka ci karo, a zaɓi abin da zai fi amfanar mafi yawan mutane a tsawon lokaci. Ya fitar da ƙaramin littafin ƙa'idoji da kowane mai gadin daji zai iya sa wa a aljihu. Ya sa ana ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, har da gwajin hawan doki da ɗaura kaya, maimakon alfarmar 'yan siyasa. A 1906 ya sa kuɗin kiwo, makiyaya suka garzaya kotu, amma a 1911 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ma'aikatar tana da ikon yin ƙa'idoji da hukunta wanda ya karya su.

Roosevelt ya riƙe mutanen biyu hannu bibbiyu. A watan Mayun 1903 ya bar tawagarsa ya kwana uku a dajin Yosemite tare da Muir, kuma a 1906 kwarin Yosemite ya dawo hannun tarayya kamar yadda Muir ya nema. Amma Pinchot ne ke shiga ofishinsa kullum. A 1907, da majalisa ta yi dokar hana shugaban ƙasa keɓe sababbin dazuka a jihohi shida na yamma, Roosevelt da ma'aikatan Pinchot suka baza taswira, suka keɓe eka miliyan 16 kafin ya sa wa dokar hannu. Zuwa 1910 dazukan tarayya sun kai kimanin eka miliyan 172. A babban taron gwamnoni kan albarkatun ƙasa da aka yi a fadar shugaban ƙasa a 1908, wanda Pinchot ya yi uwa ya yi makarɓiya wajen shirya shi, ba a gayyaci Muir ba.

Fayil ɗaya, sakatarori biyar

San Faransisko ta daɗe tana fama da wani kamfani mai zaman kansa, Spring Valley, wanda ya mamaye harkar ruwan birnin. A 1901 magajin gari James Phelan ya nemi izinin amfani da Hetch Hetchy. A idon injiniya wurin ya cika sharuɗɗa: kwari mai zurfi, ƙofa matsattsiya da za a toshe da sauƙi, ruwan ƙanƙara mai tsabta, ga tudun da zai sa ruwan ya gangaro da kansa ya kuma samar da lantarki.

Sakataren Cikin Gida Ethan Hitchcock ya ƙi amincewa a 1903, bisa hujjar cewa wurin yana cikin gandun da doka ta killace. Sai girgizar ƙasa ta 18 ga Afrilu, 1906 ta farfasa bututan birnin, gobara ta yi kwana uku tana ci babu ruwan kashe ta. Ko da yake fashewar bututu ce ta jawo rashin ruwan, bala'in ya sauya tunanin jama'a. A 1908 Sakatare James Garfield, aminin Pinchot, ya ba da izini. Magajinsa Richard Ballinger ya nemi birnin ya kawo hujjar da za ta hana a janye izinin. Walter Fisher, wanda ya biyo baya, ya ce magana ce ta majalisa. A 1913 aka naɗa Franklin Lane, tsohon lauyan birnin San Faransisko, shi kuma ya mara wa aikin baya. Kwarin bai canja ba, dokar da ta keɓe shi ba ta canja ba, amma fayil ɗin ya samu amsa dabam-dabam gwargwadon wanda ke zaune a kan kujerar.

Pinchot ya shaida wa kwamitin majalisa cewa idan aka auna 'yan tsirarun da ke ziyartar kwarin da dubban ɗaruruwan da za su sha ruwansa, lissafin a bayyane yake. Magoya bayan madatsar da yawa masu neman gyara ne, waɗanda ke ganin ruwa da lantarki a hannun hukuma su ne maganin zaluncin kamfanoni. Cikinsu har da ɗan majalisa William Kent, wanda ya sayi wani dajin manyan itatuwa ya ba gwamnati kyauta, ya kuma nemi a sa masa sunan Muir. Ita kanta Sierra Club ta dare, inda wasu daga cikin waɗanda suka kafa ta suka bi bayan birnin.

Muir ya mayar da martani cewa datse kwarin daidai yake da mayar da majami'a tankin ruwa. Bayan zafin harshe, ɓangarensa yana da hujjoji biyu. Na farko, akwai wasu kogunan da birnin zai iya ɗiba. Injiniyoyin soja da suka bincika sun tabbatar da haka a 1913, sai dai sun ce Hetch Hetchy ya fi arha da kimanin dala miliyan 20. Na biyu, idan arha ta isa dalilin shiga gandun da aka killace, to babu gandun da ke da kariya. Ƙungiyoyin mata da manyan jaridun gabashin ƙasar suka ɗauki maganar, dubban wasiƙu suka yi ta kwarara majalisa daga mutanen da ba su taɓa taka Kalifoniya ba.

Majalisar Wakilai ta amince da ƙuri'a 183 a kan 43, Majalisar Dattawa kuma 43 a kan 25. Muir ya rasu ranar 24 ga Disamba, 1914. An kammala madatsar a 1923, ruwanta ya isa birnin a 1934 bayan tafiyar mil 167. Alƙawarin lantarkin jama'a kuwa ya gamu da cikas, domin birnin ya riƙa miƙa wutar ga wani kamfani mai zaman kansa ya sayar, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1940 cewa hakan ya saɓa wa dokar.

Nasara a cikin faɗuwa

Pinchot ya ga wannan nasara ne daga wajen gwamnati. A Janairun 1910 Shugaba William Taft ya sallame shi, bayan da aka karanta a Majalisar Dattawa wata wasiƙarsa da ke kare ma'aikatan da suka fallasa zargin cewa Sakatare Ballinger na sassauta wa masu neman filayen kwal a Alaska. Kwamitin majalisa ya wanke Ballinger, amma ya yi murabus a 1911. Pinchot daga baya ya yi gwamnan Pennsylvania sau biyu.

Masu ra'ayin killacewa sun ɗauki darasi daga abokin hamayyarsu. Sun lura cewa dazukan katako suna da hukuma da kasafi da ma'aikata masu kare su, gandayen shaƙatawa kuwa marayu ne da aka rarraba tsakanin soja da 'yan ma'aikata kaɗan. Da taimakon attajiri Stephen Mather, suka matsa har aka kafa Hukumar Gandayen Shaƙatawa ta Ƙasa a ranar 25 ga Agusta, 1916, a ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. William Kent, wanda ya goyi bayan madatsar, yana cikin waɗanda suka gabatar da ƙudurin. Dokar ta ɗora wa hukumar aiki biyu: ta buɗe wuraren jama'a su more, ta kuma bar su ba tare da lahani ba don na baya. Don jawo hankalin majalisa, Mather ya gina hanyoyin mota da masaukai, ya ƙulla ƙawance da kamfanonin jirgin ƙasa. Killacewa ma sai da ta koyi yaren riba.

Waɗanda ba a tambaya ba

Akwai masu ruwa da tsakin da babu ɓangaren da ya saurara. Sunan Hetch Hetchy ya samo asali ne daga harshen ƙabilar Miwok, waɗanda tare da Paiute suka daɗe suna cin moriyar kwarin. A 1851 wata rundunar 'yan sa-kai ta jihar Kalifoniya ta fatattaki mutanen Ahwahneechee daga kwarin Yosemite, ta ƙone rumbunansu. Shimfiɗaɗɗun fadamun da baƙi suka ɗauka aikin halitta ne zalla, ƙunar daji da waɗannan mutane ke yi da gangan ce ta hana kurmi rufe su.

Ra'ayin killacewa ya buƙaci daji marar mazauna, ra'ayin tattali kuma ya buƙaci daji mai izini da rasit. A tsarin biyu, mai farauta ko ƙuna irin ta kakanni ya zama mai laifi. Bayan gobarar Agustan 1910 da ta cinye eka miliyan uku a Idaho da Montana, hukumar da Pinchot ya gina ta rungumi manufar kashe kowace wuta. Tarin busasshen itace da wannan manufa ta bari yana cikin abubuwan da ke rura manyan gobarar yammacin Amurka a yau, kuma hukumomin sun koma neman shawarar ƙabilun kan ƙuna mai tsari.

Tsarin gandun dajin Najeriya ya sha daga rijiya ɗaya da Pinchot. H. N. Thompson, wanda ya jagoranci aikin gandun daji a Najeriya a farkon ƙarni na 20, ya zo ne daga Burma, daga cikin tsarin da Brandis ya kafa. Rabon da ke akwai yanzu, inda gandayen daji ke hannun jihohi, manyan gandaye irin su Gashaka-Gumti da Tafkin Kainji kuma ke hannun hukumar tarayya, yana ɗauke da ra'ayoyin nan biyu. Yankari ma, wanda ya zama na tarayya a 1991 ya koma hannun jihar Bauchi a 2006, ya san tambayar da Yosemite ya fuskanta game da wanda ya fi cancanta ya riƙe amana.

Gadon da ya rage

Ra'ayoyin biyu sun ci gaba da shiga juna. Aldo Leopold, wanda ya yi karatu a makarantar gandun daji da iyalan Pinchot suka ɗauki nauyin kafawa a Yale, shi ne ya shawo kan hukumarsa ta killace yankin Gila a New Mexico a 1924, ba hanya ba saran itace. A shekarun 1950, da aka so gina madatsa a Echo Park, masu adawa sun yi ta nuna hotunan Hetch Hetchy, suka kuma yi nasara a 1956. A 1960 majalisa ta tabbatar da tsarin amfani iri-iri a dazukan tarayya, a 1964 kuma ta yi dokar killace yankunan da ba a taɓa ba. Kowane ɓangare ya samu dokarsa.

A yau Hukumar Gandun Daji tana riƙe da kimanin eka miliyan 193, Hukumar Gandayen Shaƙatawa kuma kimanin miliyan 85, a ma'aikatu biyu dabam, sau da yawa iyaka da iyaka. Hetch Hetchy yana ƙarƙashin ruwa, yana shayar da fiye da mutum miliyan biyu da rabi. A 1987 Sakataren Cikin Gida Donald Hodel ya kawo shawarar a duba yiwuwar zubar da tafkin, ba ta yi nisa ba. A 2012 aka kai makamanciyar tambayar gaban masu zaɓe a San Faransisko, birnin da aka haifi Sierra Club, fiye da kashi uku cikin huɗu suka ce a bar madatsar a inda take.